Fashin Baƙi: Sake Ɗura Harsashi a Gida da Nauyin da Mai Farawa Yake Ɗauka

A filayen koyon harbi na Amurka, idan an tsagaita wuta aka ba mutane izinin matsawa gaba, akan ga wasu sun duƙa suna tsintar kwanson harsasan da suka zube a ƙasa, suna dubawa ɗaya bayan ɗaya kafin su jefa a jaka. Ba don su sayar wa 'yan gwangwan suke tarawa ba. Gida za su kai su, su wanke, su gyara, su sake cika su da albarushi, su ɗora musu sabon kai, ranar hutu mai zuwa kuma su dawo su harba su. Wannan aiki na sake ɗura harsashi tsohuwar al'ada ce a Amurka da Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen Turai, yana da kamfanoninsa da littattafansa da gwanayensa, kuma a ƙasashen da doka ta yarda da shi ana lissafa shi cikin ayyukan sha'awa na maharba da masu gasar harbi.

Abin da nake son fayyacewa shi ne abin da mai shiga wannan harka yake ɗaukar wa kansa, domin yawancin masu farawa da lissafin kuɗi suke zuwa, alhali kuwa babban abin da ke sauyawa a ranar da mutum ya ɗura harsashinsa na farko shi ne inda nauyin kuskure yake sauka. Harsashin da aka sayo a shago ya bi ta hannun masana'anta mai ɗakin gwaji da na'urorin auna ƙarfin matsi da ma'aikatan da aikinsu kawai duba inganci. Wanda aka ɗura a gida kuwa ta hannun mutum ɗaya ya bi, kuma fuskar wannan mutumin ce za ta kasance a bayan bindigar lokacin da aka ja kunama.

Kafin komai sai an san yadda harsashi yake. Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka yi shi. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne, wato gamin jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30 cikin ɗari. Akwai albarushi a cikinsa. Akwai kai, wato ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga, wadda yawanci dalma ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe. Sai kuma wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da bai kai ƙwayar wake girma ba, manne a gindin kwanso, ɗauke da sinadarin da ke ba da tartsatsin wuta idan allurar bindiga ta buge shi. Shi ne ƙyastun harsashi. Idan aka yi harbi, kai ya tafi, albarushi ya ƙone, ƙyastu ya mutu, amma kwanso yana nan, kuma a mafi yawan nau'o'in harsashi shi ne ya fi sauran tsada. A kan wannan gaskiyar aka gina harkar gaba ɗaya. Ya kamata a gane tun yanzu cewa masu wannan sha'awa ba sa haɗa albarushi ko ƙyastu da hannunsu. Daga masana'anta suke sayen su, aikinsu shi ne gyaran kwanso da auna kaya da haɗa su daidai.

Ba kowane kwanso ne ke karɓar ɗuri na biyu ba, kuma dalilin hakan yana komawa shekarar 1866. A shekarar ne wani kanal na sojan Ingila, Edward Boxer, wanda yake aiki a masana'antar makamai ta Woolwich, ya yi rajistar wani tsari na ƙyastu, a shekarar ne kuma Ba'amurke Hiram Berdan ya yi rajistar nasa. A tsarin Boxer rami ɗaya ne a tsakiyar gindin kwanso, saboda haka ana iya zura siririn tsinken ƙarfe ta bakin kwanson a ture mataccen ƙyastu ya faɗo. A tsarin Berdan ƙananan ramuka ne a gefe, tsakiyar kuma a toshe take, don haka cire tsohon ƙyastun aiki ne mai wahala. Abin da tarihi ya yi shi ne Amurka ta rungumi tsarin Baturen Ingila, Turai kuma ta daɗe tana amfani da na Ba'amurken, musamman a harsasan soja, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ɗurin gida ya yi saurin kafuwa a Amurka. Har yau abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne ya haska fitila cikin kwanson da ya tsinta ya ƙirga ramukan da ke gindinsa, domin idan ya kuskura ya sa na Berdan a na'urarsa tsinken zai karye. Kwanson baƙin ƙarfe da na alminiyam ma akan ware su a zubar, haka nan ƙananan harsasai irin .22 (lambar tana nuna faɗin kan harsashi ne) da sinadarin wutarsu yake zagaye da leɓen gindi.

A ƙarshen ƙarni na 19 mutumin da yake zaune nesa da gari a yammacin Amurka ba ya ɗaukar ɗuri a matsayin sha'awa, larura ce, domin ya fi sauƙi ya yi guzurin dalma da albarushi da ya jira fatake su kawo masa harsashi. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a New Haven, yana ƙera wasu kayan ɗuri masu kama da awartaki da za a iya jefawa a jakar sirdi, kuma ɗan littafin da kamfanin yake bugawa shi ne asalin littafin ɗuri na Lyman, wanda yanzu ya haura bugu na 50. Amma harkar kamar yadda aka san ta a yau bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta samu gindin zama. A lokacin yaƙin harsashin farauta ya yi wuya saboda masana'antu sun koma yi wa soja aiki, har Vernon Speer ya riƙa tattara kwanson .22 da aka harba yana mayar da su rigar kan harsashi, Fred Huntington kuma ya kafa kamfanin kayan ɗuri na RCBS a Oroville ta jihar Kalifoniya a 1943. Da aka gama yaƙi sojoji suka koma gida da sanin bindiga, gwamnati kuma ta tashi da tarin albarushin da ba ta da buƙatarsa. A 1947 Bruce Hodgdon ya sayi laba 50,000 na wannan rarar, sama da tan 22 ke nan, ya fara sayarwa kaɗan-kaɗan ga masu ɗuri, kuma kamfanin da ya tsiro daga wannan ciniki yana cikin manyan masu sayar da albarushi a Amurka har yanzu. Kamfanin Hornady ya biyo baya a 1949 a jihar Nebaraska, sannan a 1958 Richard Lee ya fito da wani ƙaramin kayan ɗuri mai araha da ake aiki da shi da guduma, wanda ya buɗe wa masu ƙaramin ƙarfi ƙofa.

Dalilin da aka fi ambata na shiga harkar shi ne rangwame, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Ga harsasan da ake bugawa miliyoyi, irin 9mm da .223, bambancin farashi tsakanin na shago da na gida kaɗan ne, idan kuma aka lissafa daloli ɗaruruwa da za a kashe wajen sayen kayan aiki da awannin da za a ɓata, mai harbi jefi-jefi zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba. Inda rangwamen yake fitowa fili shi ne a manyan harsasai irin .338 Lapua Magnum, waɗanda ƙwaya ɗaya takan ci daloli da yawa a shago, da kuma tsofaffin bindigogin da masana'antu suka daina yi wa harsashi, inda ɗuri ne kaɗai hanyar da magajin bindigar kakansa zai iya harba ta. Tsofaffin hannu sukan gaya wa sabon shiga cewa kuɗin ba za su ragu ba, harbin ne zai ƙaru, kuma a ganina wannan ya fi kusa da abin da ke faruwa.

Wasu kuma sukan shiga ne don su tsira daga ƙarancin harsashi, amma abin da ya faru a 2020 ya nuna iyakar wannan tunani. A shekarar hukumar FBI ta gudanar da binciken cancantar masu sayen bindiga kusan miliyan 40, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan, kamfanin Remington kuma ya durƙushe har masana'antarsa ta harsashi da ke jihar Arkansas ta koma hannun wasu. Manyan masu yin ƙyastu a Amurka a lokacin huɗu ne, CCI da Federal da Remington da Winchester, kuma dukkansu suna da alaƙa da masana'antun harsashi, saboda haka da buƙata ta yi yawa sai suka fara cika nasu kwanson kafin su sayar wa masu ɗurin gida. Mutum ya wayi gari yana da kwanso da albarushi da kai, amma abu mafi ƙanƙanta cikin huɗun ya gagare shi, inda aka same shi kuma farashinsa ya ninka.

Dalilin da na fi ganin ƙarfinsa shi ne dacewa. Masana'anta tana yin harsashi ne yadda zai shiga kowace bindiga mai wannan awo, sabuwa ko tsohuwa, matsattsa ko sakakkiya, mai ɗuri kuwa bindiga ɗaya yake yi wa aiki, yana iya gwada nau'in kai da nau'in albarushi da zurfin da zai dasa kan har ya gano abin da bututunta ya fi so. Masu gasar harbi daga kan teburi, waɗanda burinsu su zuba harsasai biyar a rami ɗaya, kusan dukkansu da hannunsu suke ɗuri. A 1973 Mac McMillan ya harba biyar daga nisan yadi 100 da harsashin .222 Remington, tazarar da ke tsakanin mafi nisa biyu ba ta wuce inci 0.009 ba, kuma sai da aka shekara arba'in kafin a karya wannan tarihi. Harsasai da dama da ake sayarwa a shago yanzu a teburin masu ɗuri aka haife su. Gwaje-gwajen wasu masu ɗuri biyu, Elmer Keith da Phil Sharpe, suna cikin abin da ya haifar da .357 Magnum a 1935, Keith ɗin ne kuma ya matsa har aka fito da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950, sannan .22-250 ta shafe shekaru a hannun masu ɗuri kafin Remington ya karɓe ta a 1965. Sai dai mai karanta wannan tarihi ya sani cewa Keith ya fasa bindiga a hannunsa yayin gwaje-gwajensa, kuma ba hanyarsa ake koya wa sabon shiga ba.

Aikin kansa, idan aka kalle shi daga nesa, ba shi da sarƙaƙiya. Ana wanke kwanso, a duba shi ko ya tsage, a matsa shi cikin wani bututun ƙarfe da aka ɗaura a kan na'urar matsi don ya koma awonsa na asali, domin tagulla takan buɗe lokacin harbi. A nan ne kuma mataccen ƙyastu yake fita. Ana auna tsawonsa a datse idan ya miƙe, a dasa sabon ƙyastu, a auna albarushi a zuba, a dasa kai zuwa zurfin da littafi ya faɗa, sannan a sake auna tsawon harsashin gaba ɗaya. Yaro mai hankali zai iya haddace jerin cikin yini guda. Wahalar tana cikin abin da ido ba ya gani.

Idan aka ja kunama, cikin abin da bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, albarushin yakan rikiɗe ya zama iskar gas mai tsananin zafi a cikin wurin da bai kai ɗan yatsa faɗi ba. Da irin awon da mai faci yake auna iskar tayar mota ya ce 32 ko 35, da shi ne ake auna wannan matsi, kuma iyakar da aka yanka wa harsashin 9mm ita ce 35,000, na .308 Winchester kuma 62,000. Ƙungiyar masana'antun Amurka ta SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ce take yanka waɗannan iyakoki a can, a Turai kuma hukumar CIP ce, wadda asalinta ya koma 1914 a birnin Liège na Beljiyam. Matsalar ita ce matsin ba ya hawa daidai da yawan albarushin da aka ƙara. Kusa da iyaka, ƙarin da bai taka kara ya karya ba yana iya cilla matsin sama fiye da yadda lissafin kai zai nuna, haka nan sauya kamfanin ƙyastu, ko amfani da kwanson soja mai kaurin bango wanda cikinsa ya fi ƙunci, ko danna kai ya nutse fiye da kima, ko ma harba da rana tsaka harsashin da aka gwada da sanyin hunturu. Mai ɗuri a gida ba shi da na'urar da za ta nuna masa wannan lamba. Abin da yake da shi alamu ne kawai: ƙyastun da ya baje, sakatar bindiga da ta yi tauri wajen buɗewa, tabo mai sheƙi a gindin kwanso. Masana sun daɗe suna gargaɗi cewa sau da yawa waɗannan alamu ba sa bayyana sai an riga an wuce iyaka.

Saboda haka ne nake ganin abin da ya kamata mai farawa ya fara saya littafi ne, kafin na'urar matsi, kafin sikeli, kuma ya karanta babobin farko har ƙarshe kafin ya taɓa teburin lambobi. Littattafan Lyman da Hornady da Speer da Sierra da Nosler, tare da bayanan da kamfanonin albarushi suke fitarwa, sakamakon gwaji ne da aka yi da bututu mai na'urar auna matsi, kuma kowane layi a cikinsu yana ba da awo biyu, na farawa da na iyaka, ga takamaiman kai da takamaiman albarushi da takamaiman tsawo. Ƙa'idar da ba a saɓa wa ita ce a fara daga ƙasa a riƙa hawa kaɗan-kaɗan ana dubawa, kada a wuce iyaka, kuma duk lokacin da aka sauya ɗaya daga cikin kayan huɗu a koma ƙasa a sake farawa. Masu hankali sukan gwada littafi biyu ko uku, domin lambobinsu sukan ɗan bambanta saboda bambancin bututun gwaji, kuma kuskuren bugu ma yana yiwuwa. Lambar da wani ya rubuta a intanet yana cewa ta yi masa kyau a bindigarsa ba hujja ba ce, ko da gaskiya ya faɗa, domin ba a san bindigarsa ba, ba a kuma san sikelinsa ba.

Awon da ake amfani da shi ma yana nuna irin taka-tsantsan da aikin yake buƙata. Ana auna albarushi da giren, wanda kashi ɗaya ne cikin 7,000 na laba, wato giram ɗaya yana ɗauke da giren 15 da ɗoriya, sikelin masu ɗuri kuma yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren. Albarushin zamani, wanda Paul Vieille ya fara samarwa a Faransa a 1884, iri-iri ne sama da ɗari a kasuwa, kuma babban abin da ya raba su shi ne saurin ƙonewa: na ƙananan bindigogi yana ci da sauri, na dogayen bindigogi yana ci a hankali don ya ci gaba da tura kai har ƙarshen bututu. Wanda ya zuba mai saurin ci a awon mai jinkiri ya mayar da bindigarsa abin fashewa. Ido ba ya iya tantance su, sunayensu kuma sukan yi kama ƙwarai. Akwai IMR 4350, akwai H4350, akwai Accurate 4350, kuma kowanne da teburin lambobinsa dabam. Daga nan aka samo dokar da kowane tsohon hannu yake nanatawa, cewa gwangwanin albarushi ɗaya tak ake ajiyewa a kan teburi a lokaci guda, idan an gama kuma a juye ragowar cikin gwangwaninsa nan take, kada a bar shi ya kwana a mazubi har a manta ko wane ne.

Kurakurai biyu ne suka fi jikkata mutane, kuma dukkansu daga shagala suke fitowa, ba daga rashin ilimi ba. Na farko shi ne zuba albarushi sau biyu a kwanso ɗaya. Wannan ya fi faruwa a harsasan libarba irin .38 Special, domin an ƙirƙiro kwansonsu ne a zamanin baƙin albarushi mai cin wuri, saboda haka awon albarushin zamani yakan kwanta can ƙasa, a zuba na biyu ma kwanson bai cika ya zube ba balle mutum ya farga. Na biyu shi ne mantawa da albarushin gaba ɗaya. A nan ƙarfin ƙyastu kaɗai yakan tura kai ya shiga bututu ya maƙale, mai harbi ya ji wata 'yar ƙara marar ƙarfi, idan bai tsaya ya duba ba ya sake harbi a bayansa, bututun ya kumbura ko ya tsage. Maganin duka biyun ɗaya ne kuma ba ya cin ko sisi: a jera kwanson da aka zuba wa albarushi a kan allo mai ramuka, a kawo fitila, a leƙa cikin kowanne, layi bayan layi, a tabbata tsayin albarushin ɗaya ne a cikinsu duka kafin a dasa kai ko guda. Mai wannan aiki ba ya kunna talabijin, ba ya amsa waya, ba ya hira, kuma idan aka katse shi sai ya koma farkon layin.

Wannan ne ya sa nake goyon bayan masu cewa sabon shiga ya fara da na'urar matsi mai yin aiki ɗaya a lokaci guda, irin Rock Chucker ta RCBS da takwarorinta. Akwai na'urori masu tashoshi da yawa, waɗanda kamfanin Dillon na jihar Arizona ya yi suna a kansu, inda kowane jan hannu yake fitar da cikakken harsashi, har a yi ɗaruruwa cikin awa guda. Suna da amfani ga mai gasar da yake harba dubbai a wata, amma abubuwa huɗu ko biyar suke faruwa a cikinsu lokaci ɗaya, wanda bai saba ba kuma ba zai san inda zai sa ido ba. Na'ura mai aiki ɗaya tana da jinkiri, jinkirin nan kuwa shi ne yake koya wa hannu yadda ƙyastu yake ji idan ya zauna daidai, da yadda yake ji idan ramin ya saki, alamar kwanson ya gaji. Idan an samu gogaggen mai ɗuri da zai zauna kusa a zaman farko, ya fi kowane bidiyo.

Kwanso ma yana da iyakar rayuwarsa. Kowane harbi da kowane matsi yana sa tagullar ta malala gaba, wuyan ya yi tauri har ya fara tsagewa, bangon da ke kusa da gindi kuma ya riƙa sirancewa daga ciki. Kwanson ƙaramar bindiga mai sauƙin matsi yakan jure ɗuri da yawa, na doguwar bindiga da ake kaiwa kusa da iyaka kuwa wani lokaci bayan 'yan ɗure-ɗure kaɗan yake gajiya. Masu ɗuri sukan lanƙwasa bakin siririyar waya su zura ta ciki su shafa bangon, idan ta saƙale a wani kwari kusa da gindi sun san kwanson yana dab da rabewa biyu, sai su murƙushe bakinsa da filaya don kada wani ya tsinta.

Akwai haɗarin da ba ya ƙara, shi ne gubar dalma, wadda mutanenmu suka san illarta tun abin da ya faru da yara a Zamfara a 2010. Yawancin ƙyastu yana ɗauke da sinadarin dalma, ƙurarsa kuma tana manne a cikin kwanson da aka harba, saboda haka injin girgiza da ake goge kwanso da shi yakan tayar da ita ta cika ɗaki. Masu kula sukan ajiye injin a waje ko su koma wanki da ruwa, ba sa ci ko sha a teburin aiki, suna wanke hannu sosai, suna hana yara da masu juna biyu shiga wurin, wasu kuma sukan je a auna dalmar da ke jininsu lokaci-lokaci. Ajiya ma tana da ƙa'ida. Tsarin kashe gobara da jihohin Amurka da yawa suke bi ya yarda a ajiye albarushi marar hayaƙi, wato na zamani, har laba 20, kimanin kilo 9, a cikin gwangwanayensa na asali, fiye da haka zuwa laba 50 sai a akwatin katako mai kaurin inci ɗaya, ƙyastu kuma kada ya wuce 10,000 a gida. An zaɓi katako ne da gangan, domin albarushin zamani idan ya kama wuta a sarari ƙonewa yake yi, idan kuwa aka kulle shi a akwatin ƙarfe mai ƙarfi sai matsin ya taru ya fashe. Ƙyastu kuma a cikin kwalinsa mai ramuka ake barinsa, ba a juye shi a kwalba, saboda idan ɗaya ya tashi zai tashi sauran.

Duk wannan bayani yana tsaye ne a kan sharaɗin doka, kuma dokar ta bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi daga wanda yake ɗura wa kansa, amma wanda zai mayar da shi sana'a ya riƙa sayarwa dole ya sami lasisin ƙera harsashi, kuma dokar 1968 ta lissafa kwanso da kai da ƙyastu da albarushi cikin ma'anar harsashi, saboda haka wanda aka haramta wa riƙe bindiga an haramta masa su ma. A Jamus ba a sayar wa mutum albarushi sai ya yi kwas ya ci jarrabawa ya karɓi izini a ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa. A Birtaniya, tun dokar 2006, sai an nuna takardar izinin bindiga kafin a sayi ƙyastu. A Najeriya kuwa Dokar Bindigogi ta 1959 ta haramta ƙera ko haɗa bindiga da harsashi sai a wuraren da hukuma ta keɓe ko ta ba izini, irin masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964, don haka abin da yake aikin sha'awa a can laifi ne mai kai mutum gidan yari a nan. Ɗurin da maharbanmu suka gada a bindigar toka wani abu ne dabam, doka ma ta ware wa irin waɗannan bindigogi nasu rukuni, kuma an gina su ne a kan baƙin albarushi mai ƙarancin matsi. Zuba musu albarushin da aka farke daga harsashin zamani yana fasa bututu a hannun mai harbi.

Ko a inda doka ta yarda, kamfanonin bindiga da yawa sun rubuta a takardunsu cewa ba su da alhakin lalacewar da harsashin gida ya jawo. Shi ya sa masu ɗuri na gaske suke riƙe da littafin rubutu, kowane akwati kuma da takarda manne a jikinsa mai ɗauke da kwanan wata da nau'in kai da nauyinsa, da sunan albarushi da awonsa, da nau'in ƙyastu, da tsawon harsashi, da yawan ɗurin da kwanson ya sha. Shi ya sa kuma suke da al'adar ƙin harba abin da wani ya ɗura, ko da aboki ne, da ƙin ba wa wani nasu. Idan mai ɗuri ya rasu ya bar akwatunan harsashi, abin da aka saba ba magadansa shawara shi ne kada su harba ko ɗaya. A sa guduma ta musamman a zare kawunan, a ajiye kwanso da kai don a sake amfani da su, albarushin da ba a tabbatar da sunansa ba kuma a rabu da shi ta hanyar da hukumar kashe gobara ta yankin ta tsara.